Lambar Da Ke Ƙirga Kwanakin Ƙwayoyin Jikinka, Da Wadda Ta Ƙi Tsayawa

Duk mai waya ya san batiri yana da adadin cajin da zai ɗauka kafin ya fara gajiya. Ƙwayoyin halittar jikinmu ma suna da irin wannan ƙidayar, sai dai tasu a rubuce take cikin DNA.

A 1961, Leonard Hayflick da Paul Moorhead a birnin Filadelfiya na Amurka suka nuna cewa ƙwayar halittar ɗan Adam, idan aka reno ta a kwalba, tana rabuwa ne sau 40 zuwa 60 kawai, sannan ta tsaya. Ba mutuwa take yi nan take ba, tana nan da rai, amma ta daina haihuwa. Dalili yana bakin zaren DNA. Akwai wani ɗan layi mai haruffa shida, TTAGGG, da ke maimaituwa sau dubbai a ƙarshen kowane zare, ana kiransa telomiya. Duk sanda ƙwaya ta kwafi kanta, injin kwafin ba ya iya kaiwa can ƙarshe, sai a rasa ɗan guntu. Masu rubuta manhaja za su gane: lamba ce da ake rage mata ɗaya a kowane zagaye, in ta kusa sifili shirin ya tsaya.

Ban da tsufa, akwai mutuwar da aka tsara. Idan DNA ya lalace fiye da gyara, wani furotin mai suna p53 yakan sa ƙwayar ta kashe kanta cikin tsafta, kamar yadda Android ke rufe manhajar da ta rikice don kada ta cinye ƙwaƙwalwar waya. Tun 1972 ake kiran wannan afoftosis.

To, in aka cire waɗannan birki biyu fa? Abin da ke fitowa shi ne sankara.

A 1951 wata baƙar fata 'yar Amurka, Henrietta Lacks, ta je asibitin Johns Hopkins da sankarar bakin mahaifa. Aka yanki ɗan nama daga ƙarin ba tare da an nemi izininta ba. Ta rasu a shekarar tana da 31, amma ƙwayoyin, waɗanda ake kira HeLa, har yau suna rabuwa a dakunan bincike a duniya. Ƙwayar cutar HPV ce ta shiga cikinsu: tana lalata p53, kuma tana kunna telomares, wani sinadari da ke sake ƙara tsawon telomiya. Carol Greider da Elizabeth Blackburn ne suka gano shi a 1984, kuma aikin ya ci kyautar Nobel a 2009. Wato an goge sharaɗin tsayawa, zagayen ya zama marar iyaka.

Labarin bai yi nisa da Sabuwa ba kamar yadda ake zato. Da ƙwayoyin HeLa aka gwada allurar shan inna ta Jonas Salk a shekarun 1950. Wadda 'yan rigakafi ke ɗiga wa yara a baki, su shafa musu alama a yatsa, su rubuta da alli a bangon gida, ta Albert Sabin ce, daban take. Amma idan yaro ya shanye ba zato, aka ɗauki bayan gidansa, ana kai shi ɗakin gwajin shan inna na Ibadan ko na Maiduguri, inda ake zuba samfurin a kan ƙwayoyi marasa mutuwa, cikinsu har da RD da aka samo daga sankarar tsoka. Da irin wannan sa ido aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji a watan Agusta 2020.

Shi ya sa tallan da ke yawo a WhatsApp da TikTok, na wani garin sha ko ƙwaya mai “sabunta ƙwayoyin halitta” ya hana tsufa, yake ba ni dariya da tsoro a lokaci guda. Dariya, don ba a nuna wani abin sha yana mayar da agogon nan baya ba. Tsoro, don da ma yana yi, to dabarar da sankara ke amfani da ita ce ake sayar maka: mafi yawan sankarar ɗan Adam sai da ta kunna telomares take bunƙasa.

Ita kuwa HPV da ta kashe Henrietta tana da rigakafi. Najeriya ta fara ba 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kyauta a watan Oktoba 2023, Katsina ta shiga a zango na biyu cikin Mayu 2024. Idan kana da ƙanwa a wannan shekarun, ka tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko an yi mata.