Yadda Ake Canza Oyil-Sil Ɗin Shaf Idan Giyabos Na Tsohuwar Mota Yana Yoyo

Yawancin motoci suna kunna jar fitila a gaban direba idan baƙin man inji ya yi ƙasa sosai. Giyabos na hannu ba shi da wannan gata. Babu fitila, kuma galibi babu sandar duba mai. Man da ke ciki kusan lita 2 ne ko sama da haka kaɗan, don haka ɗigon da ake rainawa zai iya ƙarar da shi cikin 'yan watanni ba tare da kowa ya sani ba. Wurin da ya fi yawan yoyo kuwa shi ne inda shaf yake shiga cikin giyabos, wato wurin wata 'yar roba da makanikai ke kira oyil-sil.

Wannan bayani ya shafi tsofaffin motocin kaya masu ja da tayoyin gaba, kamar Peugeot J5 da aka fara ƙerawa a 1981, wadda har yau take ɗaukar tumatir da albasa a hanyoyin Arewa, da Volkswagen T4 da aka yi daga 1990 zuwa 2003. Toyota Hiace da baya take ja, don haka nata sil ɗin yana can wutsiyar giyabos, kuma aikinsa daban ne.

Mene ne aikin wannan roba?

Sil zobe ne na ƙarfe da aka lulluɓe da roba. Gefensa na waje yana matse a jikin giyabos, ba ya motsi. Gefen ciki yana da siririn leɓe da ke rungume da shaf yayin da yake juyawa, kuma akwai ɗan sifirin a bayan leɓen da ke ƙara masa riƙo. Zafi da shekaru suna busar da robar ta yi tauri. Ƙura kuma tana shiga tsakanin leɓe da ƙarfe ta riƙa ci kamar yashi.

Idan mai ya yi ƙasa, giya ta biyar ce kan fara shan wahala a irin waɗannan motoci, domin tana can ƙarshen giyabos inda mai ya fi saurin yankewa. Daga nan sai kuka a kan hanya, sai giya ta fara fita da kanta, sai boris ya ƙone. Aikin 'yar roba ya koma neman giyabos ɗan Beljiyom a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

A tabbatar daga nan yoyon yake

Man giya yana da wari mai ƙarfi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan abin da aka gani baƙin giris ne da ya fantsama ta ko'ina, to robar da ke rufe gaɓar shaf ce ta yage, ba sil ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a wanke wurin tas, a ɗauki hotonsa da waya, a yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu, sannan a haska da fitilar waya a kwatanta. Mai yana gangarowa ƙasa ne, saboda haka wuri mafi tsayi da ya jiƙe shi ne tushen yoyon.

Sayen sabo

A jikin yawancin sil akwai lambobi uku, misali 40x58x10. Na farko faɗin ciki ne, na biyu faɗin waje, na uku kauri, duk a milimita. A ɗauki hoton lambar a tafi da ita kasuwa. Sau da yawa na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba, don haka sai an faɗa wa mai shago ɓangaren da ake nufi.

Matakan aikin

1. A sassauta babban notin da ke tsakiyar taya tun mota tana ƙasa. Sannan a ɗaga ta a ɗora kan abin tokare mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

2. A fara buɗe notin da ake zuba mai kafin na tsiyayewa. Wanda ya zubar da mai sannan ya tarar notin sama ya ƙi kwancewa, ya ajiye motarsa ke nan. A duba man da ya fito: idan akwai ɓarɓashin ƙarfe masu girma, matsalar ta wuce sil.

3. A saki bol-joyin na ƙasa, a ture ƙafar motar waje, a zare shaf daga wajen taya. Wajen fitar da shi daga giyabos, kada a ja sandar da ƙarfi, domin gaɓar ciki za ta iya rabuwa. A sa ƙarfe a bayan kan gaɓar a ɓanɓaro ta. A motoci da yawa shaf ɗin dama yana da boris da ke tallafe shi a bayan inji, sai an kwance shi tukuna. A T4 kuwa shaf yana ɗaure ne da noti shida a jikin wani faifan ƙarfe, kuma sai an cire faifan ake ganin sil.

4. Kafin a taɓa tsohon sil, a ɗauki hoton zurfin da ya zauna. A cire shi a hankali, domin jikin giyabos alminiyom ne, kuma idan sukundireba ta karce ramin, mai zai riƙa bi ta gefen sabon.

5. A bi wurin da leɓen ke gogawa a jikin shaf da farce. Idan farce ya maƙale a wani zagayayyen rami, sabon sil ma zai yi yoyo, sai dai a sa siririn zoben ƙarfe na gyara ko a canza wannan ɓangaren. Nan ne aka fi yin asarar aiki.

6. A shafa wa leɓen man giya. Gefen da sifirin yake ya kalli ciki, wajen mai. A ɗora soket mai faɗi daidai da gefen waje, a riƙa bugawa kaɗan-kaɗan har ya kai zurfin da ke hoton. Sil ɗin da ya shiga a karkace ya lalace, kuma gam ba ya gyara shi.

7. A mayar da shaf a miƙe yadda haƙoransa ba za su yanki leɓen ba. Idan yana da zoben riƙo a baki, a sa sabo, a tura har ya kama.

8. Motar ta tsaya daidai ba a karkace ba, a zuba mai. Idan giyabos ɗin mai ramin awo ne a gefe, ana tsayawa da zarar mai ya fara leƙowa. A bi abin da littafin motar ya ce. Galibi 75W-80 ne ko 75W-90. Tsofaffin giyabos da yawa GL-4 suke so, domin sinadarin wasu mayukan GL-5 yana cin zobban tagulla da ke sa giya ta shiga cikin laushi.

Idan yoyon ya dawo

Abu biyu ake fara dubawa. Na farko ƙaramar kafar iska da ke saman giyabos. Idan laka ta toshe ta, iskar ciki tana kumbura da zafi ta turo mai ta bakin sil. Na biyu, a kama kan shaf a wajen giyabos a girgiza shi sama da ƙasa. Idan yana wasa da yawa, boris na ciki ne ya ci, kuma babu robar da za ta riƙe ƙarfen da ke rawa.

Bayan an gama, a yi tafiya kaɗan, a sake haskawa da waya, sannan a ƙara dubawa bayan mako guda. Mai motar da ba shi zai yi aikin da hannunsa ba, ya tsaya a gareji lokacin da aka zare shaf, ya nemi makanike ya nuna masa inda leɓen ke gogawa kafin a buga sabon sil.