Korona da Hulɗar Jami'o'i da Ƙasashen Waje: Tantance Gaskiya daga Jita-jita a Ƙasar Katagum

Tun daga watan Mayu na 2020, lokacin da yawaitar mace-mace a Azare ta sa gwamnatin Jihar Bauchi ta hana zirga-zirga a ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki, maganganu iri-iri suke yawo a majalisu game da hulɗar jami'o'in Nijeriya da takwarorinsu na ƙetare, kuma da yake gaskiya da ƙarya sun cuɗanya a cikinsu, wajibi ne a tsefe su.

Ana cewa korona ce kaɗai ta rufe jami'o'i tsawon shekarar. Wannan rabin gaskiya ne. An rufe manyan makarantu a watan Maris na 2020, aka dakatar da jiragen ƙasa da ƙasa har zuwa 5 ga Satumba, amma a ranar 23 ga Maris ɗin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin da ba ta janye ba sai 23 ga Disamba, saboda haka ko babu annoba azuzuwa da dama da sun kasance a kulle.

Zancen cewa hulɗa da waje ta yanke baki ɗaya kuwa ba shi da tushe. Abin da ya tsaya shi ne tafiye-tafiye, yayin da tarukan ilimi suka koma manhajoji irin su Zoom. A farkon Maris na 2020 cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta fitar da taswirar ƙwayar halittar cutar, wato jerin bayanan da ake gane asalinta da sauye-sauyenta da su, karo na farko a Afirka, ta kuma buɗe sakamakon ga masu bincike na duniya. Sai dai wannan dama ba ta wadaci kowa ba, domin malamin jami'a da ke Gadau ko ɗalibin da ya koma ƙauyensu yana fama da ƙarancin lantarki da tsadar data.

Jita-jitar da ta fi nauyi ita ce cewa haɗin gwiwa da jami'o'in Turai dabara ce ta gwada magani a kan talakawa ba da saninsu ba. Wannan tsoro bai cancanci raini ba, domin a 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau a Kano, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan batun izinin iyaye. Haka kuma a Afrilun 2020 wasu likitoci biyu a Faransa sun ambaci yin gwaji a Afirka cikin wata hirar talabijin, abin da ya jawo suka mai zafi. Amma rigakafin korona da Jami'ar Oxford ta samar an gwada shi ne a kan masu sa kai a Ingila da Brazil, da kuma Afirka ta Kudu inda Jami'ar Witwatersrand ta jagoranci aikin, kuma allurai kusan miliyan 4 da suka sauka Abuja ranar 2 ga Maris na 2021 sun iso ne bayan hukumar NAFDAC ta amince da su. Tun 2007 ma Nijeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, wanda ya wajabta samun yardar kwamitin ɗa'a da kuma yardar mutum bayan an yi masa cikakken bayani.

Wannan batu ya shafi Azare kai tsaye, domin Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke garin, wadda wasu ke alaƙantawa da kuɗin korona na Turawa, gwamnatin Muhammadu Buhari ce ta amince da kafa ta a 2021, da kuɗin farawa daga asusun TETFund, wanda a lokacin ake tarawa daga harajin ilimi a kan ribar kamfanonin da ke Nijeriya. Jami'ar da za ta horar da likitoci ba za ta tsaya da ƙafarta ba tare da musayar bincike da waje ba, kuma abin da ya kamata mutanen Katagum su nema a wurinta shi ne a riƙa bayyana musu da Hausa wane bincike ake yi, da wa ake yin sa, da kuma kwamitin da ya ba da izini.