Bayani a Kan Kalmar Hutu da Masu Haƙƙinsa

Bayan haka, a sani kalmar hutu daga huta ta fito, watau sauke gajiya bayan wahala. Don haka Bahaushe ke gaida wanda ya taso daga aiki ya zauna da "sannu da hutawa", yana kuma kiran yaron da bai san wuya ba ɗan hutu, da sigar zolaya. Larabawa suna cewa uɗla, asalinta wofintar da abu daga aiki. Ma'aikata kuwa sun aro lifi daga Turanci, suna nufin kwanakin da ake ba mutum ya bar ofis, albashinsa na tafiya. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta yanka wa wanda ya cika wata 12 yana aiki aƙalla kwana 6 na irin wannan.

A Dagumawa ta ƙasar Wudil, kamar sauran garuruwan Kano, kalmar ɗaya ce amma ranakunta sun rabu uku. Almajirin allo yana biyan kuɗin Laraba, ya jingine allonsa Alhamis da Juma'a. Ɗan boko da ma'aikacin gwamnati nasu Asabar ne da Lahadi, al'adar da ta zo tare da Turawa bayan sun ci Kano a 1903. Ɗan kasuwa kuwa ba ruwansa da ko ɗaya, domin ran Juma'a kasuwar Wudil ke ci, ran nan kara ke cika da shanu, dillali bai ga ta zama ba.

Hutun allo yana da asali. Shehu Nafarawi, mai Fawakihud Dawani, sharhin Risala, ya kawo cewa yaran Madina sun fita taryen Sayyidina Umar sa'ad da ya komo daga Sham, suka gaji da tafiya, sai ya sanya musu hutun waɗannan ranaku. Ashe tausayin yara ne tushensa. Amma babba ba a umurce shi ya bar sana'a yinin Juma'a duka ba. Suratul Jumu'a ta hana ciniki ne in an kira salla, in an idar ta halatta a watsu neman falalar Allah. An kuma ruwaito daga Imamu Malik karhancin barin aiki ran nan don koyi da masu girmama Asabar ko Lahadi. Saboda haka falken da ya sallaci Juma'a ya koma kara bai yi laifi ba.

Wanda ake tauye wa haƙƙi yau shi ne yaron da ya haɗa karatu biyu. Litinin zuwa Juma'a yana boko, Asabar zuwa Laraba yana allo ko Islamiyya. Ran da wannan ta sake shi, waccan ta riƙe shi, har mako ya ƙare bai sami yini guda cikakke ba. In an ba da dogon hutu kuwa, damina ce, gona na jiransa. Wannan shi ne hutun jaki da kaya a kai, kuma kan da ya gaji ba ya riƙe hadda.

Ya kamata malamai da iyaye su zauna su daidaita, su keɓe wa irin wannan yaro yini ɗaya a mako, ko dai yammacin Alhamis da na Juma'a, ba tilawa, ba talla, ba aike mai nisa. Allah Ya yi wa zuri'a albarka, amin. Wassalam.