Kafin Ka Ɗaura wa Motarka Ƙarfen Gicciye

Wanda ke leƙa garejin bakanikai a 'yan shekarun nan ba zai rasa ganin motar da aka ɗaga wa bonet ba, ga wani ƙarfe ya gicciya a kan inji, ya kama daga kan shokazoba na dama zuwa na hagu. Wani ja ne mai ƙyalli da aka yi odarsa daga waje, wani kuwa bututu ne kawai mai walda ya lanƙwasa ya shafa masa fenti. Samarin da ke kwana kan bidiyon tseren motoci a TikTok suna ce masa sitirot ba. Ni ƙarfen gicciye zan kira shi. Kirarin da ake yi masa shi ne wai yana sa mota ta kama titi, ta daina lilo, ta sha kwana da gudu ba fargaba.

Akwai gaskiya a maganar, sai dai ba ta kai yawan da ake zuzutawa ba.

Ƙananan motocin da suka cika titunanmu, irin su Corolla da Camry da Golf, ba su da shasi daban kamar na Hilux ko tifa. Bodin da kake gani shi ne shasin, farantan ƙarfe ne aka matse aka liƙa suka zama akwati guda. A gaban yawancinsu kuma akwai tsarin ƙafa da ke ɗauke da sunan wani injiniyan Amurka, Earle MacPherson, wanda ya yi fice da motar Ford Consul da aka nuna a Ingila a 1950. Ko Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 irinsa gare ta. A wannan tsari shokazoba da sifirin a haɗe suke, kansu kuma yana ɗaure ne a wani tudun ƙarfe da ke gefen inji, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan mota ta shiga kwana da ƙarfi, nauyi yakan koma kan tayar waje, tudun nan ya ɗan motsa kaɗan, motsin da ido ba ya gani. Da ya motsa, tsayuwar taya a kan kwalta ta ɗan sauya. Ƙarfen gicciye yana haɗa tudun biyu ne domin su raba wahalar. Iyakar aikinsa ke nan.

Shi ya sa kamfanoni da kansu ke sa shi a wasu motocin gudu. BMW M3 ta 2014 da nata ta fito daga masana'anta. Amma a can injiniyoyi ne suka auna, kuma motar lafiyarta ƙalau. Direban da ke kai yara makaranta ya wuce kasuwa da gudun kilomita 50 da wuya ya ji wani bambanci, in ban da ɗan ƙarin kaifin sitiyari a tsohuwar mota. Mai Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 ma ribarsa ta fi ƙanƙanta, domin ƙafar gabanta hannuwa biyu ne ke riƙe da ita, sama da ƙasa, ba kan shokazoba ne ke ɗauke da turin gefe ba.

Lilon da mutane ke kuka da shi fa? Nan ne ake barin jaki ana dukan taiki. Motar da ke tangaɗi a kan hanya, ko take ja gefe guda, ko take ƙara duk lokacin da ta faɗa rami, ba taushin bodi ke damunta ba. Shokazoba ne ya mutu, ko robobin bushin sun tsage, ko boljoyin da tayarod sun yi sako-sako, ko 'yan sandunan sitabilaiza sun saki. Sau da yawa ma iskar taya ce: mai faci ya dube ta da ido, ya buga mata ƙarfe ya ji sauti, ya ce ta yi. Alhali adadin da kamfani ya ƙayyade yana nan a takardar da ke liƙe jikin ƙofar direba. Wanda ya ɗaura ƙarfen gicciye a kan irin wannan mota bai warkar da komai ba. Abin tsoron ma, sai ya ji zuciyarsa ta ƙara ƙarfi ya ƙara taka totur. Mota kuwa idan gudunta ya ninka daga 60 zuwa 120, ƙarfin da za ta yi karo da shi ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne.

Duk da haka, ƙarfen da ake ɗaurawa da noti mai sauƙi ne, in bai yi ba a kwance shi. Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne na walda. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon yadda ake liƙa wa wata mota guntayen ƙarfen gini a dogayen ƙarafan gabanta, waɗanda ke ɗauke da inji. Mai motar yana gefe yana murna, wai yanzu ko bango ta daka ba za ta lotsa ba. Bai san lotsawar nan ita ce rahamar ba. Tun 1952 wani injiniyan Mercedes-Benz, Béla Barényi, ya yi rajistar dabarar ƙera mota ta yadda gabanta da bayanta za su murƙushe a lokacin haɗari, ɗakin fasinja kuwa ya tsaya da ƙarfinsa, kuma kamfanin ya fitar da ita kasuwa a 1959. Kowane lanƙwasa da rami da ke jikin ƙarafan nan da gangan aka yi shi, domin ƙarfe ya shanye dukan a hankali. Idan ka hana shi lotsawa, dukan ba ɓacewa yake yi ba, wucewa yake yi ya iske ƙirji da ƙafafun wanda ke zaune. Har na'urar da ke umartar jakar iska ta fashe, an saita ta ne bisa yadda gaban motar ya kamata ya murƙushe. Mukan yi wa motocin zamanin da kirari da cewa ƙarfe ne zalla, mu raina na yanzu mu ce gwangwani ne. Gwangwanin nan shi ke mutuwa a madadin mai shi.

Ga kuma wuta. Motocin zamani suna da sassan da aka yi da ƙarfe na musamman, siriri amma mai tsananin ƙarfi, wanda zafin walda ke kashe masa lago. Wurin da aka ƙona kuma fentinsa na kariya ya tafi, damina ɗaya ko biyu sai tsatsa ta shiga ta ciki. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Masu tsaurara baya su ma su yi hattara. Idan aka sa wa ƙafar baya sitabilaiza mai kauri fiye da kima, motar takan saurin juyawa a kwana, abin da ke burge mai wasan mota a fili. A kan kwalta mai ruwa ko yashi kuwa, gindin motar ne zai kufce ya riga kai, kuma direbobi kaɗan ne suka iya kamo ta.

To, wanda ya ce shi dai yana so, ga abin da zai kiyaye. Ya fara da taya: a gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsufa, ko zanenta ya gaza milimita 1.6, ta gama aiki. Sai shokazoba, a canza su biyu-biyu, a duba bushin da boljoyin, a yi alaimen. Bayan nan ya leƙa tudun shokazoban da kansa, musamman in tokumbo ce: tsagewa, tsatsa, ko alamar an taɓa buga wurin an shafe, duk suna nufin fanel bita ƙwararre motar ke bukata kafin komai, don ɗaure tudu mai rauni yana iya jawo wa ɗan'uwansa lafiyayye.

In duk wannan ya yi daidai, sai ya nemi ƙarfen da aka ƙera wa samfurin motarsa, mai shiga kan notocin da ke wurin ba tare da huda ko walda ba. A ɗaura shi mota tana tsaye kan tayoyinta a shimfiɗaɗɗen wuri, ba a kan jak ba, kuma kada a danne shi da ƙarfin tsiya don ramuka su haɗu. A tabbatar bai taɓa kan batir ba, bai tare murfin man birki ba, bai goga wa inji ba. Sannan a sauke bonet a hankali a ji ko ya rufu ba tare da ya zauna a kansa ba.