Yadda Ake Shirya Kwamfuta Don Rubuta Manhaja Ta Layin Umarni

Layin umarni hanya ce ta sarrafa kwamfuta da rubutu zalla. Mutum zai rubuta abin da yake so a wata taga da ake kira taminal, kwamfuta ta aiwatar, ta mayar masa da amsa a rubuce. Salon ya samu gindin zama ne tare da tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs da ke Amurka a 1969. Masu rubuta manhaja na riƙe da shi har yau, domin ko tsohuwar kwamfuta na iya ɗaukarsa, kuma ta nan ake sarrafa akasarin sabobin da ke riƙe da shafukan intanet.

Shiri yana farawa daga tsarin aikin kwamfutar. Linux, irin su Ubuntu da Debian, yana zuwa da taminal ɗinsa, haka ma macOS. Mai Windows kuwa zai iya kunna WSL, wanda Microsoft ya fito da shi a 2016 don a yi aiki da Linux a cikin Windows.

A cikin taminal akwai shel, wato manhajar da ke karɓar umarni ta aiwatar. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce Bash, da ta fito a 1989, sai Zsh, wadda Apple ya koma kanta a 2019. Mai koyo kan fara da umarni kaɗan: pwd yana faɗin inda ake, ls yana jera fayiloli, cd yana shiga folda, mkdir yana buɗe sabuwa. Alamar | kuma tana miƙa sakamakon wani umarni ga na gaba, ta yadda ƙananan umarni za su haɗu su yi babban aiki.

Sai manhajar da ke girka sauran manhajoji: apt a Ubuntu da Debian, Homebrew a macOS. Da zarar an rubuta sudo apt install git, za a sauko da Git tare da duk abin da yake bukata daga amintacciyar taska. Da apt ko Homebrew ake girka harsunan rubuta manhaja irin su Python. Yana da kyau kowane aikin Python ya samu keɓaɓɓen muhallinsa ta hanyar venv, don kada kayan wannan aiki su ci karo da na wancan.

Wajen rubuta lambar manhaja, Nano ya fi sauƙi, domin yana nuna umarninsa a ƙasan allo. Vim, wanda Bram Moolenaar ya saki a 1991, yana bukatar haƙuri kafin hannu ya saba, amma wanda ya ƙware ba ya ɗaga yatsunsa daga madannai.

Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, shi ke adana tarihin kowane gyara. Ana shigar masa da sunan mai aiki da adireshin imel ɗinsa, sannan a samar da makullan SSH guda biyu da umarnin ssh-keygen. Na fili ana ɗora shi a shafi irin su GitHub, na sirri kuwa ba a ba kowa.

Inda intanet ke yawan yankewa, tmux yana da matuƙar amfani. Idan an buɗe shi a kan sabar da ke nesa, aikin zai ci gaba ko layi ya katse, a dawo a tarar da shi yana tafiya.

Mataki na ƙarshe shi ne adana saituna. Bash yana karanta fayil mai suna .bashrc, inda ake rubuta gajerun laƙabobi na dogayen umarni, da kuma PATH, wato jerin foldojin da shel ke dubawa in an kira wata manhaja. Tun da fayilolin saituna rubutu ne kawai, ana iya ajiye su a Git. Ranar da kwamfuta ta lalace ko aka sayi sabuwa, sai a sauko da su, a sake girka manhajojin, a ci gaba da aiki daga inda aka tsaya.