Hoton gajimaren taurari: Dukiyar da ke saman Ƙonni, Malbaza da Illela

Manomi a karkarar Birnin Ƙonni ko Illela ba baƙo ba ne ga taurari. Ya san Kaza da 'ya'yanta, ya san Zara matar wata, malamai kuma suna lissafin damina da Surayya da Dabaran da Haƙ'a. Sai dai a tsakanin taurarin nan akwai wasu tarin iskar gas da ƙura masu faɗin gaske da masana ke kira nebula, wato gajimaren taurari, inda sababbin taurari ke samuwa. Ido ba ya ganin launinsu, amma kyamarar dijital tana kamawa.

Mafi shahara a cikinsu shi ne na Oriyon, wanda ke ƙasa da taurari ukun nan da ke jere a layi guda, da ake gani da dare lokacin sanyi. Haskensa yakan yi tafiyar shekara kimanin 1,350 kafin ya iso mana. Wani likita ɗan Amurka, Henry Draper, shi ne ya fara ɗaukar hotonsa a 1880.

Sirrin aikin yana ga matacin haske. Kowace iska tana fitar da haskenta na musamman: haidurojin na ba da ja mai tsawon zango nanomita 656, oksijin na ba da tsanwa-tsanwa a 501, farar wuta kuma ja mai duhu a 672. Sai a sanya wa kyamara wani gilashi da ba ya barin komai ya wuce sai wannan siririn haske, mai faɗin nanomita 3 zuwa 7. Da haka akasarin hasken fitilun gari da na farin wata ke tsayawa a waje, gajimaren ya fito fes. Ta wannan hanya ce madubin hangen nesa na Hubble ya ɗauki sanannen hoton nan na ginshiƙan gajimaren Mikiya a 1995.

Kyamarar da ake sayarwa a kasuwa tana da nata cikas, domin a cikinta akwai gilashin da ke tare mafi yawan jan hasken haidurojin. Masu sha'awar abin sukan ba ƙwararre ya cire shi, ko su nemi wadda aka ƙera don haka, kamar Canon EOS 20Da ta 2005 ko Nikon D810A ta 2015. Na biyu, da yake duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, tilas a ɗora kyamarar a kan wani ɗan inji mai bin tafiyar taurari, in ba haka ba su fito kamar zare. Akan ɗauki hotuna masu yawa, kowanne na minti uku zuwa biyar, sannan a haɗe su a kwamfuta da manhaja irin Siril, wadda kyauta ce, kuma akwai ta da Faransanci.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan masu hannu da shuni ne kawai. A Janairun 2023 aka sanar da cewa wasu mutum uku 'yan sha'awa, Marcel Drechsler na Jamus da Xavier Strottner da Yann Sainty na Faransa, sun gano wani ƙaton gajimaren oksijin a gefen tarin taurarin Andiromeda, wurin da manyan masana suka shafe fiye da shekara 100 suna ɗaukar hotonsa ba su lura da shi ba. Ƙaramin madubi da matacin oksijin da haƙurin dare da dama ne suka yi aikin.

To, ina ruwan jihar Tawa da wannan? Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen taurarin da ya ratsa sama, saboda hasken lantarki. Abin da Bature ke biyan kuɗin jirgi ya je nema, shi ne mai gonar albasa a Galmi ke kwana a ƙarƙashinsa. Ban da haka, yankin na wajen digiri 14 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka ana iya hango gajimaren Karina can ƙasa-ƙasa ta kudu, wanda mutanen Faransa da Jamus ba sa gani daga ƙasashensu, a kuma ga na arewa duka.

Matsaloli dai akwai su. Hazon hunturu na dushe sama, ƙurarsa na shiga madubi, da damina kuma hadari ne. Lokaci mafi kyau shi ne kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama. Gara a yi nesa da fitilun kamfanin siminti na Malbaza da na babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, a kuma tanadi batir mai cajin rana. Sannan a wannan zamani na rashin tsaro a bakin iyaka, duk wanda zai kafa ƙarfe mai ƙafa uku a daji da dare, wajibi ne ya fara sanar da mai gari da jami'an tsaro.

Kayan suna da tsada, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Jami'ar Tawa da makarantun sakandare na Ƙonni da Malbaza da Illela za su iya kafa ƙungiyoyin ɗalibai su mallaki kyamara ɗaya a tare. Yaran da suka iya duban jinjirin watan azumi, koyon wannan ba zai gagare su ba.