Kututture a Tsakar Gida: Me Ya Sa Yake Tsirowa, Yaya Kuma Ake Kawar da Shi?

A garuruwa irin su Shinaka da Goronyo da Wurno da Rabah, da wuya a shiga gida ba a tarar da dogon yaro ba. Idan itacen ya girma har saiwoyinsa suka fara tsaga katanga, ko maigida ya so ƙara ɗaki, sai a sare shi. Amma bayan ƴan makonni sai a ga kututturen ya fito da tsiro goma ko fiye. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, da hanyoyin da suka dace da irin gidajenmu.

Injin niƙe kututture da matsalar zaure

A Amurka, tun cikin shekarun 1950 kamfanin Vermeer ya fara ƙera injin niƙe kututture. Injin yana da faifan ƙarfe mai haƙora wanda yake juyawa da sauri yana kankare itacen har ƙasa da doron ƙasa, ya mayar da shi ɓarzajje. Abin da masu wannan sana'a suke fara aunawa shi ne faɗin ƙofar gida, domin ƙananan injunan ma suna buƙatar hanya mai faɗin kusan mita ɗaya.

Ginin Bahaushe kuwa an tsara shi ne don sutura. Ƙofar zaure ƙarama ce, tana da dokin ƙofa, kuma ba ta fuskantar ƙofar ciki kai tsaye. Sai an karkata kafin a isa tsakar gida. Ko da an sami injin haya, shigar da shi sai an fasa katanga. Saboda haka makaminmu shi ne sanin yadda kututturen yake rayuwa.

Kututture ba gawa ba ne

Ganye ne ɗakin girkin itace: a nan ake haɗa sukari daga iska da ruwa da hasken rana. Rarar abincin kuwa ana tara ta a saiwoyi a matsayin sitaci, kamar yadda manomi yake tara gero a rumbu. A ƙarƙashin ɓawon gindin itacen akwai ƙananan idanun tsiro da suke barci. Abin da yake hana su tashi shi ne wani sinadari mai suna oksin, wanda kan rassa suke samarwa yana gangarowa ƙasa. Da zarar an sare itacen, oksin ya yanke, sai idanun su farka, su ci daga rumbun saiwa, su tsiro da sauri.

Dogon yaro da sabara da kalgo duk suna da wannan hali. Dogon yaro ma yakan tsiro daga saiwar da ta yi nisa da gindin. Giginya kuwa wurin tsironta ɗaya ne tak a can ƙololuwa, shi ya sa idan aka sare ta ba ta dawowa.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce haƙa. A tona rami kewaye da kututturen da diga da shebur, a sassare saiwoyin gefe da gatari, sannan a datse uwar saiwa. Mai dabara yakan bar gungume mai tsawon ƙugu lokacin sara, domin ya sami abin girgizawa. Aikin ya fi sauƙi bayan saukar damina, musamman a ƙasar laka ta fadamar Rima wadda take taurara da rani.

Ta biyu ita ce kashe shi da yunwa. Kowane tsiro yana cin abincin saiwa kafin ganyensa ya fara biya. Idan ana tsige tsiron da zarar ya leƙo, rumbun yana raguwa ba tare da an zuba komai ba, har ya ƙare. A ɓare ɓawon, a rufe kututturen da baƙar leda don hana haske. Wannan yana son haƙuri, domin yakan kai shekara ko fiye.

Ta uku ita ce ruɓarwa, bayan kututturen ya mutu. A huda ramuka, a cika su da takin dabbobi, a riƙa jiƙawa. Danshi da sinadarin naitirojin na taki suna ƙarfafa ƙwayoyin halitta dangin naman kaza, waɗanda suke narkar da itace. Sai dai ruɓaɓɓen itace yana kiran gara, don haka kada a bi wannan hanya kusa da ɗaki mai azara ko rumbu.

A guji abu biyu. Wutar kututture takan bi saiwa tana ci a ɓoye kwana da kwanaki, alhali ga danni da karan dawa a kusa. Baƙin man inji kuma yana iya tsiyaya ya gurɓata rijiyar gida.

A gona kuwa, a dakata

Wannan taurin rai da yake damun maigida, arziki ne ga manomi. A shekarar 1983, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan kurmin da ake sharewa a gonaki tsiron tsofaffin kututtura ne masu rai. Manoma suka fara zaɓen tsiro ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kowane kututture, suna aske sauran. Ana kiran dabarar sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Irin wannan tsiro ya fi dashe jure fari, domin ya gaji saiwa mai zurfi.

Aiki ga ɗalibai

Malami ya nemi sababbin kututturan dogon yaro guda biyu masu kauri ɗaya. A bar ɗaya, a riƙa tsige tsiron ɗayan kowane mako, ana rubuta adadinsa da tsawonsa har ƙarshen zangon karatu. Ɗalibai su kwatanta lissafin makon farko da na ƙarshe, sannan su bayyana da kansu abin da ya sami rumbun da yake ƙarƙashin ƙasa.